Darasi Na 7: Gwajin Ƙasa Da Ruwan Ƙasa Kafin Gina Tankin Salga A Gidan Gona

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta aikin tanki da aikin ƙasa wajen tsabtace ruwan banɗaki;
2. gane irin ƙasar gonarsa da hannu da kuma kwalba;
3. auna saurin shan ruwa na ƙasa da agogo;
4. gano inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina;
5. zaɓen wurin da ba zai ɓata rijiyarsa ko ta maƙwabcinsa ba.

1. Me ya kawo maganar?

A watan Nuwamba na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009, wanda ya ɗora wa Najeriya burin daina bahaya a fili zuwa shekarar 2025. Maƙwabciyarmu Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta cim ma wannan buri, a watan Oktoba na 2022. A ƙananan hukumomi biyar na masarautarmu ta Daura, wato Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, kira ɗaya ake yi wa magidanta: kowane gida ya mallaki banɗaki. Masu ɗan hali kuma, musamman waɗanda ke gina gidan gona ko gidan kaji a bayan gari, sun fi son banɗaki mai ruwa, da tanki da sokawe.

Kiran yana kan hanya. Sai dai banɗakin da aka haƙa a wurin da bai dace ba, bai kawar da ƙazanta ba, ya dai ɗauke ta daga inda ido ke gani ya kai ta cikin rijiya. Mutanen Daura, garin da tarihinsa ya ratayu da rijiyar Kusugu, ba sa bukatar a gaya musu darajar rijiya.

A shekarar 1854 cutar kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida, ya gano cewa yawancin mamatan daga famfon tuƙa-tuƙa ɗaya suke ɗibar ruwa, na titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da tsohon ramin masai wanda tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba. Mutanen unguwar kuwa yabon ruwan suke yi saboda daɗinsa.

2. Tanki ba ya tsabtace ruwa

Wannan ne abin da yawancin masu gini suke kuskurewa, don haka mu tsaya a kansa. Tankin salga ɗaki ne na bulo da siminti a cikin ƙasa, wanda bai kamata ya yi yoyo ba. Idan ruwan banɗaki ya shiga, abu mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwan tsakiya kuma ya fita ta bututu zuwa sokawe. Aikin tanki ke nan: rarrabewa. Ruwan da ya fito daga cikinsa cike yake da ƙwayoyin cutar kwalara, taifot, gudawa da ciwon shawara, idan akwai mai ɗauke da su a gidan.

Ƙasa ce take tsabtacewa. Yayin da ruwan ke tsiyaya a hankali tsakanin ƙwayoyin ƙasa, wasu ƙwayoyin cutar su maƙale, wasu su mutu saboda daɗewa, wasu kuma ƙananan halittun da ke zaune a ƙasa su cinye su. Waɗannan halittu suna bukatar iska, shi ya sa aikin ba ya yiwuwa sosai a ƙasar da ta jiƙe sharkaf. Abu biyu ke nan ake nema: ƙasa mai riƙe ruwa na ɗan lokaci, da kuma isasshiyar busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa.

> AKWATIN KALMOMI
> Tankin salga: rufaffen ɗaki a cikin ƙasa inda ƙazanta take kwantawa.
> Sokawe: rami ko lambatun da aka binne, inda ruwan tanki yake tsiyaya cikin ƙasa.
> Ruwan ƙasa: ruwan da ke cike da ƙofofin yashi da tsagogin dutse a ƙarƙashinmu, shi rijiya take tarawa.
> Saman ruwan ƙasa: zurfin da mahaƙi zai fara tarar da ruwa tsaye. Yana hawa da damina, yana sauka da rani.

3. Wace irin ƙasa gare ka?

Manomi ya riga ya san ƙasarsa ta fuskar shuka. Ya san jigawa ta gero da gyaɗa da wake, ya san lakar fadama ta rake da shinkafa da kayan lambu, ya san fako da marmara masu cin bakin fartanya. Abin da zai ƙara shi ne duba ƙasar da ke can ciki, a zurfin da sokawe zai zauna, domin ta sama da ta ƙasa sukan bambanta.

*Gwajin hannu.* Ɗebo ƙasa daga zurfin kamu biyu ko uku, ka ɗan yayyafa mata ruwa, ka dunƙula. Idan ta ƙi dunƙuluwa, tana warwatsewa, rairayi ne. Idan ta dunƙulu amma ta karye da ka murza ta kamar igiya, gauraye ce, kuma ita ake so. Idan ta murzu ta yi tsawon yatsa, har ta lanƙwasu ba ta tsage ba, yumɓu ne.

*Gwajin kwalba.* Zuba ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku na farar kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu. Ƙasa mai laushi za ta kwanta a kansa cikin 'yan sa'o'i. Yumɓu sai ya kwana, wani lokaci ya fi. Kaurin kowane layi zai nuna maka wanda ya fi yawa.

Ka lura da launi. Ƙasa ja ko mai launin ƙasa-ƙasa iska tana ratsa ta. Ƙasa mai launin toka da ɗigo-ɗigon tsatsa tana nuna cewa ruwa yakan kwanta a nan wani ɓangare na shekara, ko da yau a bushe ka same ta.

Yawancin ƙasar Daura rairayi ce, kuma a nan ruɗin yake. Magini zai zuba bokitin ruwa a rami, ya ga ya shanye nan take, ya ce, "Alhaji, wannan wuri sokawe ba zai taɓa cika ba." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Mai tatar gasara da ƙyalle mai manyan ƙofofi takan gama da wuri, sai dai dusar tana cikin kokon. Rairayi mai gaggawar shanyewa yana miƙa ruwan salga ga ruwan ƙasa kafin ya tsabtace shi. Yumɓu kuma nasa laifin a fili yake: ruwa ya ƙi wucewa, sokawe ya cika, ya tumbatso a tsakar gida, sauro da ƙuda su samu mazauni. Na biyun ya fi ban haushi, na farkon ya fi haɗari, domin ba mai ganinsa.

4. Gwajin shan ruwa

Kayan aiki: diga ko shebur, sanda, ƙusa biyu, bokiti, agogon waya. Wannan gwaji an ɗauko shi ne daga ƙa'idojin gini na Ingila, aka sauƙaƙa lissafinsa.

Haƙa ƙasa zuwa zurfin da bututun sokawe zai kwanta. A gindin wannan wuri ka sake haƙa ɗan rami mai kusurwa huɗu, faɗi santimita 30, tsawo santimita 30, zurfi santimita 30. Ka kankare bangonsa don kada santsin shebur ya toshe ƙofofin ƙasa. Cika shi da ruwa da yamma, ka bar shi ya kwana. Kada a tsallake wannan mataki. Busasshiyar ƙasar rani ƙishirwa take ji, za ta shanye bokitin farko da sauri ta ba ka amsar ƙarya. Sokawe kuwa kullum a jiƙe yake aiki.

Da safe ka kafa sanda a ramin. Buga mata ƙusa ɗaya a santimita 7.5 daga gindi, ta biyu a santimita 22.5. Tsakaninsu santimita 15 ke nan. Sake cika ramin. Idan ruwa ya sauko kan ƙusar sama ka duba agogo. Idan ya kai ta ƙasa ka sake dubawa. Yi haka sau uku, kuma a rami aƙalla biyu, sannan ka fitar da matsakaici.

> MA'AUNI: lokacin da ruwa ya ɗauka ya sauka santimita 15
> Ƙasa da minti 30: ƙasar ta cika sauri.
> Minti 30 zuwa awa 4 da minti 10: ƙasar ta dace.
> Fiye da awa 4 da minti 10: ƙasar ta cika jinkiri.

Misali na 1. A ce wani magidanci a ƙasar Sandamu yana da iyali mutum 12. Gwajinsa ya ba shi minti 70, 80 da 75. Jimla 225, a raba uku, minti 75. Ƙasarsa ta dace. Yanzu girman sokawe: a raba 75 gida 15, a sami minti 5 a kowace santimita. Ƙa'idar ita ce: yawan mutane, sau mintocin, sau 1.5. Wato 12 × 5 × 1.5 = murabba'in mita 90. Amma an gina lissafin ne a kan gidan Ingila, inda mutum ke kashe wajen lita 150 na ruwa a yini. Idan gidan nan da jarka ake kawo ruwa, kuma kowa lita 50 yake amfani da ita, kashi ɗaya cikin uku ya wadatar: murabba'in mita 30. Lambatu uku masu faɗin rabin mita da tsawon mita 20 kowanne sun biya bukata.

Kwatanta da abin da aka saba. Zagayayyen rami mai faɗin mita ɗaya da rabi da zurfin mita 3, duk bangonsa kimanin murabba'in mita 14 ne kawai. Ga dalilin da ya sa sokawen gida mai yawan jama'a yake cika cikin 'yan shekaru, a yi ta zargin magini.

Misali na 2. A wata jigawa a ƙasar Zango ruwa ya sauka cikin minti 9. Wuri ne mai sauri ƙwarai. Ba a haƙa sokawe mai zurfi a nan. Ko a nemi wani ɓangare na gonar a sake gwaji, ko a yi lambatu marasa zurfi a shimfiɗa musu ƙasa gauraye, a kuma ƙara nisa daga rijiya.

5. Ina ruwan ƙasa yake?

Littafin ƙa'idojin ƙungiyoyin agaji na duniya mai suna Sphere ya ba da ma'auni biyu da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace: gindin rami ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, kuma ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko wani mashayi.

Wahalar ita ce lokacin aunawa. Mu da rani muke gini, bayan an kai amfani gida, an sami kuɗi, kuma bulo zai bushe. A lokacin nan ruwan ƙasa ya yi nisa. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ya fi ruwa, kuma ruwan rijiyoyi yakan kai ƙarshen hawansa ne wajen ƙarshen damina. Wannan zurfin na ƙarshen damina shi ake lissafi da shi, ba na watan Afrilu ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce rijiyar da ta fi kusa. Da asuba, kafin a fara ja, ka ɗaura dutse a igiya ka zura har ya taɓa ruwa, ka auna igiyar. Idan da rani kake, tambayi tsoffin mahaƙa rijiya na garin. Ka ce, "Baba, gaba nawa kuka yi kafin ku tarar da ruwa a nan? Da marka kuma ina yake kaiwa?" Gaba ɗaya ta babban mutum ta kusa mita 1.8. Matan gida ma sun sani, don su ne ke naɗe igiyar guga idan ruwa ya hau. A ganina amsar waɗannan mutane ta fi ta baƙon da ya zo ya duba wuri na yini ɗaya.

Kada zurfin rijiyar burtsatse ya ruɗe ka. Mai yiwuwa an yi mita da yawa kafin a sami ruwanta, amma idan akwai shimfiɗar marmara ko yumɓu a kusa da sama, ruwan damina yakan taru a kanta ya yi makonni. Shi ya sa ake haƙa ramin gwaji a ainihin wurin, a rufe shi, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a ga ko ruwa ya tsatso. Gonakin fadama da na kusa da madatsun ruwa irin Sabke da Daberam su suka fi bukatar wannan. Inda ka ga kaba da goruba sun yi yawa, ko ciyawar jema, ka yi zaton ruwa na kusa.

Gargaɗi: ramin rairayi yana ruftawa ba tare da sanarwa ba. Kada kowa ya shiga ramin da ya wuce ƙirjinsa sai an tokare bango, kuma da mutum a sama.

Misali na 3. Wani mai lambu yana son sokawe mai zurfin mita 2. A watan Afrilu ruwan rijiyarsa yana mita 5 daga baki: 5 − 2 = mita 3, ya wuce ma'auni. A ƙarshen Satumba ruwan ya hau zuwa mita 2.5: 2.5 − 2 = rabin mita. Wurin bai ci jarrabawa ba. Ko ya koma kan tudu, ko ya yi lambatun da zurfinsu bai wuce mita ɗaya ba.

6. Nisa da gangare

Kafin a gina banɗaki kowa yakan tambayi alƙibla, kuma daidai ne. Tambayar da ake mantawa ita ce: ina ruwa yake gangarawa? Galibi ruwan ƙasa yana bin gangaren da ruwan sama yake bi, daga tudu zuwa kwari. Saboda haka rijiya a sama, salga a ƙasa. Ka fita lokacin da ake ruwa ka ga inda kwata ta nufa.

Mita 30 ta kai kimanin taku 40 na babban mutum. Wannan shi ne mafi ƙaranci. A rairayi mai sauri, ko inda dutse yake da tsagogi, a ƙara. Kuma ruwan ƙasa bai san iyakar gona ba: rijiyar maƙwabci da tuƙa-tuƙan unguwa suna cikin lissafi. Idan fili ya yi kaɗan, a zauna da maƙwabci da mai unguwa tun kafin a sa diga.

A gona akwai ƙarin abubuwan lura. Saiwar bedi da mangwaro tana bin danshi ta toshe bututu. Tarakta da amalanke suna danne ƙasa su fasa lambatu. Ba a shuka latas, kabeji, karas ko wani abin da ake ci ɗanye a kan sokawe. Turken dabbobi, juji da tarin taki su ma a nisanta su da rijiya, domin su da takin zamani da ruwan salga duk suna zuba wa ruwa sinadarin naitiret, wanda ƙasa ba ta tace shi da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya, saboda yawansa yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire wannan sinadari.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan rijiya ta sauya ɗanɗano, launi ko wari bayan an gina salga a kusa, a daina sha a bincika. Amma gurɓataccen ruwa yakan fito garau, ba wari ba launi, sai ɗakin gwaji ne zai gane.

> AKWATIN KALMOMI
> Gwajin shan ruwa: auna lokacin da ƙasa ke ɗauka ta shanye ruwa a ɗan rami.
> Naitiret: sinadarin da ke fitowa daga bahaya, fitsari da taki, yana narkewa a ruwa.
> Dubagari: jami'in tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma.

7. Idan wuri bai dace ba

Ba dole ne kowane gida ya yi tanki ba. Inda ruwa ke wuya, salga mai rami biyu marasa zurfi ta fi sauƙi: a yi amfani da ɗaya, idan ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan kamar shekara biyu abin da ke cikin na farko ya ruɓe ya zama taki. Inda ruwan ƙasa ke kusa, ana ɗaga ginin sama a cike gefensa da ƙasa. Kafin a yanke shawara a tuntuɓi dubagari, ko hukumar samar da ruwa da tsabta a karkara ta Jihar Katsina, RUWASSA.

Wanda ya gina tanki kuma ya sa a kwashe shi kafin lakar ciki ta kai rabi, in ba haka ba za ta bi bututu ta toshe sokawe. Kada a shiga tanki ko salga don ciro waya ko kuɗi. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Tambayoyin bita

1. Mene ne aikin tankin salga, mene ne kuma aikin ƙasa?
2. Me ya sa rairayi mai saurin shan ruwa yake da haɗari ga rijiya?
3. Me launin toka mai ɗigon tsatsa yake nunawa a cikin ƙasa?
4. Don me ake barin ruwa ya kwana a ramin gwaji kafin a auna?
5. Gwaji ya ba da minti 55, 65 da 60. Fitar da matsakaici. Ƙasar ta dace? Murabba'in mita nawa gida mai mutum 10 yake bukata idan kowa lita 50 yake amfani da ita?
6. Ruwan wata rijiya yana mita 4 a ƙarshen Satumba. Mene ne iyakar zurfin ramin da za a iya haƙawa a wurin?
7. Rijiyar maƙwabcinka tana taku 25 daga inda kake son haƙa sokawe, kuma tana gangare. Me za ka yi?

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya auna taku nawa ne tsakanin salgar gidansu da rijiya mafi kusa, ya lura wacce ce a sama, ya rubuta amsar ya zo da ita aji mako mai zuwa.